Golan da aka ajiye a benci: abin da dillalan ƴan wasa ke iya yi masa a Maraɗi

Ɗan wasan gaba idan koci ya daina farawa da shi, yana iya samun minti ashirin bayan an dawo hutun rabin lokaci, ya jefa ƙwallo ɗaya a raga, gari ya sake tunawa da shi. Gola ba shi da wannan gatan. Raga ɗaya ce, mutum ɗaya ke tsayawa cikinta, kuma koci ba ya taɓa shi sai an ji ciwo ko an ɗaga jan kati. Shi ya sa golan da aka ajiye yake iya cinye kaka guda aikinsa kawai ɗumama wa wani hannu kafin a take wasa. A irin wannan hali ne dillalan ƴan wasa, waɗanda wasu ke kira ajan, wasu manaja, suke fara kiran waya. Hidimarsu ce za mu auna a nan, musamman ga golan da ke tsakanin Maraɗi, Yamai da ƙetaren iyaka.

Ma'aunin guda ɗaya ne: shin inda dillali zai kai ka, za ka tsaya a raga ranar wasa, ko benci ka sauya da benci? Sunan ƙungiya da launin riga duk bayan wannan suke zuwa.

Kafin a zo maganar ƙungiya, a fara da shi kansa dillalin. Tun daga 1 ga Oktoba 2023, dokar FIFA ta ce sai mai lasisinta ne zai yi wa ɗan wasa dillanci, kuma sabon dillali ba ya samun lasisin sai ya ci jarrabawa: tambaya 20 cikin minti 60, a ci kashi 75 cikin ɗari. Sunayen masu lasisi suna shafin FIFA a intanet, kowa na iya dubawa da wayarsa. Wanda ya zo da hotunansa da manyan ƴan wasa amma sunansa ba ya cikin jerin, ɗan kamasho ne, ko da mutumin kirki ne. Ba laifi ba ne ya haɗa ka da wani shugaban ƙungiya, amma kada a sa masa hannu a takardar wakilci. Ita takardar wakilcin ma ba ta wuce shekara 2, kuma ba ta sabunta kanta da kanta. Game da lada, FIFA ta taɓa ƙayyade kashi 5 cikin ɗari na albashin ɗan wasan da samunsa bai wuce dalar Amurka 200,000 a shekara ba, sai aka dakatar da wannan ƙa'ida a ƙarshen 2023 saboda shari'o'i a Turai. Duk da haka ta isa a yi awo da ita. A misali, idan albashi jika 150 ne a wata, kashi 5 shi ne jika 7 da rabi. Wanda ya nemi albashin wata uku cur tun kafin a buga wasa ɗaya, ya wuce gona da iri.

Hanyar da dillalai suka fi ƙyama, saboda ladanta kaɗan ne, ita ce ta fi yi wa gola amfani: aro a cikin gida. Yawancin manyan ƙungiyoyin gasar Nijar a Yamai suke, irin su AS FAN, AS Douanes, USGN, AS GNN, Sahel SC da Nigelec, kuma ba abin mamaki ba ne ka ga gola na uku a can wanda zai iya zama na farko a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Arlit. Ɗan Maraɗin da ya tafi Yamai aka ajiye shi yakan ji kunyar dawowa Jangorzo ko Ɗan Kasawa, wai kada a ce ya gaza. Wannan kunya ba ta da riba. Wasa 15 a jere gaban ƴan kallo, ko a rukuni na biyu ne, sun fi kaka guda ta atisaye da manyan ƴan wasa, domin abin da ke lalacewa a gola idan ya daɗe bai yi wasa ba, ba tsalle ba ne, hukunci ne: yaushe zai fito ya tare ƙwallon kwana, yaushe zai tsaya a layi, yaya zai yi wa ƴan bayansa tsawa su matsa. Atisaye ba ya koyar da wannan.

A nan ake gane dillalin da ya san aikinsa. Aro dole ya kasance a rubuce, da sa hannun ƙungiyoyi biyu da na ɗan wasan, kuma a dokar FIFA ba ya wuce shekara ɗaya, ba ya gaza tsawon da ke tsakanin kasuwar musayar ƴan wasa ɗaya da mai bi mata. Ƙungiyar da ta ara ba ta da ikon sake arar da shi ga wata. Abubuwan da aka fi mantawa a takardar su ne suke kawo rigima daga baya: wa zai biya albashi, kashi nawa kowace ƙungiya ta ɗauka, wa zai biya magani idan yatsa ko kafaɗa ta goce, wa ke da ɗaki da abinci, kuma a wace rana aron zai ƙare. Dillali na gari yakan ƙara da tambayar da ba a rubutawa: me ya sami golan da ke can? Idan ciwon mako uku ya ji, to mako uku za ka yi wasa ka koma benci a garin da ba naka ba.

Turai ma haka take yi, ba a ganin abin kunya. Da Guardiola ya zo Manchester City a 2016 ya ajiye gola Joe Hart, aro ya tafi Torino a Italiya. Keylor Navas, mai kofin Zakarun Turai uku da Real Madrid, da Donnarumma ya ƙwace masa raga a PSG, aro ya tafi Nottingham Forest a Janairun 2023. Aaron Ramsdale kuwa ya yi kaka guda yana kallon David Raya a Arsenal kafin a sayar da shi ga Southampton a 2024.

Abin da dillalai suka fi son sayarwa shi ne gwaji a waje, kuma a nan ne hidimar ta fi rauni. Za a ce akwai ƙungiya a Aljeriya, ko ƙasashen Larabawa, ko gabashin Turai da ke neman gola cikin gaggawa, a kawo kuɗin biza, kuɗin jirgi da "kuɗin rajista". Iyaye su sayar da rago ko buhunan gyaɗa, wani lokaci har fili. Wannan cinikin biri a sama ne, kuma akwai hanya mai sauƙi ta gane shi. A ƙa'idar FIFA, ƙungiyar da ta gayyaci ɗan wasa gwaji daga wata ƙasa sai ta cika fom na gwaji, ɗan wasa ya sa hannu, a shigar da shi cikin rumbun FIFA na musayar ƴan wasa da ake kira TMS aƙalla kwana 10 kafin a fara. Gwajin ba ya wuce mako 8 ga mai shekara 21 zuwa ƙasa, mako 3 ga wanda ya haura haka, kuma an haramta neman kuɗi ko karɓarsa a kan gwaji. Idan ɗan wasan yana da kwantiragi, sai ƙungiyarsa ta ba da izini a rubuce. Saboda haka tambaya ɗaya uba zai yi wa dillali: Alhaji, ina fom ɗin? Takardar gayyata da aka turo ta WhatsApp da tambarin ƙungiya a samanta, kowane yaro mai kwamfuta yana iya haɗa ta.

Ba ƴan Afirka da ke gida kaɗai ake yi wa haka ba. Gola Edouard Mendy ya bar Cherbourg a Faransa a 2014 bisa alkawarin wani dillali cewa zai kai shi Ingila. Maganar ta bi ruwa, ya yi shekara ba ƙungiya, har ya yi rajistar marasa aikin yi, kafin Marseille ta ɗauke shi a 2015 cikin ƙungiyarta ta biyu. Shi ya ci sa'a ya kai Chelsea. Yawancin waɗanda aka yi wa haka ba a sake jin labarinsu.

Ficewa waje ta gaskiya tana nan, kuma gola ɗan Nijar ya taɓa nuna hanyarta. Kassaly Daouda daga gasar gida ya tafi Coton Sport ta Garwa a Kamaru, ya tsare mata raga har wasan ƙarshe na Zakarun Afirka a 2008 da Al Ahly, ya tsare wa Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, raga a gasar cin kofin Afirka ta 2012 da ta 2013. Amma a lura, yana wasa aka gan shi aka ɗauka. Ƙungiyar waje ba ta ɓata gurbin baƙo a kan golan da ba shi da wasa ko ɗaya a wannan kakar.

Ga ɗan Maraɗi, "waje" mafi kusa ita ce Najeriya. Ta Ɗan Isa da Jibiya, Katsina ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, shi ya sa mutane ke mantawa cewa komawa Katsina United ko Kano Pillars musaya ce ta ƙasa da ƙasa, daidai da tafiya Faransa a idon doka. Sai sabuwar ƙungiya ta shigar da bayanai a TMS, hukumar ƙwallon Najeriya ta nemi takardar sallama ta ƙasa da ƙasa daga hukumar ƙwallon Nijar, FENIFOOT, kuma sai kasuwar can tana buɗe, domin kasuwar ƙasar da za ka je ita ake dubawa, ba ta ƙasar da ka baro ba. Wannan takarda kyauta ake bayar da ita. Duk wanda ya ce a kawo kuɗinta, aljihunsa za su. Wanda bai cika shekara 18 ba kuwa, ƙofar a rufe take, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan da doka ta keɓe. Sannan a yi lissafin kuɗi da kyau. Sefa a ɗaure take da yuro, naira kuwa ta faɗi sosai tun 2023, don haka albashin da ya yi kauri a baki yana iya ramewa idan aka kai shi wurin ƴan canji.

Sai maganar da ta fi haɗari, wadda dillali marar ilimi yake saurin furtawa: ka tattara kayanka ka taho kawai, ai ba sa saka ka. Rashin saka ɗan wasa ba ya warware kwantiragi. Wanda ya fice ba tare da hujja ba a cikin shekara 3 na farko na kwantiraginsa (shekara 2 idan ya sa hannu bayan ya cika 28) yana iya fuskantar diyya da dakatarwar wata 4. Akwai dai ƙofofi biyu na halal. Ta farko, idan ƙungiya ta riƙe albashin wata 2, ɗan wasa ya rubuta mata takardar gargaɗi ya ba ta aƙalla kwana 15. Idan ba ta biya ba, yana da hujjar tafiya. Takarda fa, mai kwanan wata da shaidar an karɓa, ba kiran waya ba. Ta biyu ita ce wadda aka yi domin wanda aka ajiye: ƙwararren ɗan wasan da ya buga ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na wasannin ƙungiyarsa a kaka, wato ƙasa da wasa 3 idan 30 aka yi, yana iya neman rabuwa, amma cikin kwana 15 kacal bayan wasan ƙarshe na kakar. Ga gola wannan ƙofa ƙuntatacciya ce, domin ana duba yanayin kowa, kuma wanda aka ɗauka tun farko a matsayin gola na biyu zai sha wuya kafin ya nuna an zalunce shi. A rikicin cikin gida kuma dokokin FENIFOOT ake fara buɗewa. Dillalin da bai san bambancin waɗannan ƙofofi ba, gara a nemi lauya, ko a zauna da shugaban ƙungiya a rabu cikin mutunci, a karɓi takardar sallama da tambari.

Wani ɓangaren hidimar da ake yi wa riƙon sakainar kashi shi ne bidiyo. Yawancin abin da dillalai ke haɗawa minti uku ne na tsalle-tsalle da kiɗa a bayansa, rabi ma a atisaye aka ɗauka. Mai horar da gololi ba wannan yake nema ba. Yana son cikakken wasa biyu ko uku, an ɗauka daga wuri mai tudu yadda za a ga inda gola yake tsayawa lokacin da ƙwallo ke nesa da shi, yadda yake karɓar ƙwallon da aka mayar masa da ƙafa, bugunsa da dama da hagu, da fitarsa a kwana. A haɗa da tsayi na gaskiya da aka auna ba takalmi, da kwanan haihuwa iri ɗaya a fasfo da lasisi. Bambancin harafi ɗaya a suna, Mahamadou a nan Mamadou a can, yana iya tsayar da takarda har kasuwa ta rufe.

Idan an tattara, dillali mai lasisi ya cancanci ladansa a aro da kuma musayar ƙetare, inda takardu ke da yawa kuma kuskure ke da tsada. A sauyin ƙungiya tsakanin Maraɗi da Damagaram, sau da yawa tsohon koci da ya san ka ya fi shi amfani, kuma ba ya cire kashi. A gwajin da ake biyan kuɗi kuwa babu abin saye.

Akwai ƙa'ida ɗaya da ke kama gololi saboda gaggawa. A kaka guda ana iya yi wa ɗan wasa rajista da ƙungiya uku, amma biyu kaɗai zai buga wa wasan gasa. Golan da aka sako minti biyar a farkon kaka saboda an kori na farko da jan kati, ya riga ya cinye ɗaya. Idan ya tafi aro ya buga wasa ɗaya abin bai yi daɗi ba, to sai dai ya koma tsohuwar ƙungiyarsa ko ya jira kaka mai zuwa.