Shagon tura waƙoƙi na wajen Wadata da mai shagon da ya haddace tarihin Berry Gordy

Jama'a masu nema tsofaffin waƙoƙin baƙar fatar Amurka a nan Yamai, akwai wani ɗan shago wajen kasuwar Wadata da ya kamata ku leƙa. Wurin ba wani abin kallo ba ne, tebur guda, tsohuwar kwamfuta da fanka mai ƙara kamar injin niƙa, sai kwalayen kaset da faifai an jibge har rufi. Kana kai kile ko katin waya ya cika maka, ni dala ɗari na biya kuma ban ji an cuce ni ba.

Abin da ya raba shi da sauran masu tura waƙa shi ne ya jera kayanshi kamfani kamfani, kuma jakar Motown, kamfanin waƙa na Amurka, ce ya fi ji da ita. Dattijo ne, kowa Baba yake ce mishi, kana cewa "Baba a sa min Stevie Wonder" to ka ja kujera don sai ka sha labarin Berry Gordy, wanda ya kafa Motown, tun daga tushe. Haifaffen Detroit ne a 1929, ya yi dambe, ya yi soja, ya buɗe shagon faifan jazz ya karye, sannan ya shiga masana'antar motoci ta Ford yana aikin ƙarfi, daga baya ya fara rubuta ma mawaƙi Jackie Wilson waƙoƙi, waƙoƙin suna tashe amma abin da ke shigowa aljihunshi bai taka kara ya karya ba. Shi ya sa a 1959 ya ranci dalar Amurka 800 cikin asusun danginsu ya buɗe Tamla, wanda ya koma Motown.

Nan ne Baba ke zaƙewa, kuma gaskiya nan ne daɗin labarin. Gordy tsarin masana'antar motar ya ɗauko ya dasa a gidan waƙa, masu rubutawa daban, makaɗa daban su ne Funk Brothers, ga Maxine Powell tana koya ma yaran tafiya da zama da magana gaban manya, ga Cholly Atkins na koya rawa, ran Juma'a kuma a zauna a saurari sabbin waƙoƙi a jefa ƙuri'a, wadda ba ta ci ba ba ta fita. Cibiyar abin wani gida ne da suka raɗa ma Hitsville U.S.A. Supremes, Temptations, Marvin Gaye, Smokey Robinson, Jackson 5 duk nan suka fito, a lokacin da wariyar launin fata ke da ƙarfi amma fararen ma suna layin saye. Mu nan kuwa yaro guda a sutudiyo shi ne marubuci shi ne makaɗi shi ne mai talla, to ina za a kai.

Inda ban yarda da Baba ba shi ne yabon ya yi yawa. Da na ce mishi ai Holland-Dozier-Holland, masu rubuta ma Supremes manyan waƙoƙinsu, rigimar kuɗi ce ta fitar da su wajen 1968, kuma Gordy da farko ƙin sakin What's Going On na Marvin Gaye ya yi, sai ya ce "ɗana kowane mai gida da halinshi" ya canza magana. Ya dai yarda komawar kamfanin Los Angeles a 1972 ta rage armashin abin, a 1988 kuma aka saida kamfanin dalar Amurka miliyan 61.

Matsalar shagon yaronshi ne. In Baba ya tafi masallaci shi ke turawa, ya cusa min Otis Redding da Aretha Franklin cikin jakar Motown alhali ɗaya na kamfanin Stax ne ɗaya ta kamfanin Atlantic, wasu waƙoƙin kuma daga kaset aka kwafo suna shuuu a ƙasa. Ku sa a kunna muku kafin ku biya, ku zo da kile marar komai a ciki saboda kwamfutar ban amince da lafiyarta ba, kuma ku je da safe, in aka ɗauke wuta ba su da janareto.