Kwana uku a ƙafa: sharhi kan tattakin ƙungiya zuwa Witbi

A ƙarshen watan Mayu, da Litinin ta faɗo ranar hutu a Ingila, na bi wata ƙungiyar masu tattaki daga birnin Lids zuwa garin Witbi da ke bakin Tekun Arewa. Mu ashirin da biyu ne, akasari dattawa, kuma kuɗin da muka biya ya haɗa da mota da masauki da abincin safe da na dare.

Ranar Asabar muka hau matakala 199 zuwa kangon tsohuwar majami'ar garin, wadda aka fara kafawa a shekarar 657, daga nan muka kama hanyar Cleveland Way, mai tsawon mil 109, wadda aka buɗe a 1969. Mu dai kimanin mil bakwai kawai muka ci daga cikinta, zuwa ƙauyen Robin Hood's Bay, teku na can ƙasa ta hannun hagu, gonaki da tumaki ta hannun dama. A nan na ga abin da ya sa nake yaba tsarinsu: jagora ɗaya yana gaba da taswira, ɗaya kuma yana can baya, kuma ƙa'ida ce ba ya wuce kowa, ko da mutum tafiyar hawainiya yake yi. Ni ne na zama wannan mutumin, domin na yi gangancin sa sabon takalmi, kafin azahar bororo ya fito mini a dunduniya. Wata dattijuwa da ta kai sa'ar mahaifiyata ta zaunar da ni a kan dutse, ta ciro filasta daga jakarta, ta zuba mini shayi a murfin fulas ɗinta, sauran kuwa suka tsaya suna hira ba wanda ya duba agogo. Mun dawo ta tsohon layin dogo da aka rufe a 1965, wanda ya fi sauƙi ga ƙafa amma bai kai hanyar gaɓa daɗin kallo ba.

Lahadi aka kai mu tsaunin Roseberry Topping. Tsayinsa mita 320 ne kacal, sai dai hawan a miƙe yake, iskar samansa kuma tana iya raba mutum da hularsa. Jagoran ya nuna mana gefen da ya rufta a 1912, sannan muka zarce hasumiyar tunawa da Kyaftin Kuk, shahararren matuƙin jirgin ruwa mai binciken teku, wanda ya yi yarinta a ƙauyen Great Ayton da ke gindin tsaunin.

Inda aka gaza shi ne abinci. Tun wajen rajista na rubuta cewa ba na cin naman alade, amma saƙon bai isa kicin ɗin masaukin ba, sai na ƙare da soyayyen kifi da dankali dare biyu a jere. Hirar dare ma a mashaya ake yin ta. Ba wanda ya matsa mini, amma wanda bai saba ba zai takura. Sallah kuwa ba ta zama matsala ba, domin da na yi wa jagoran bayani sau ɗaya, shi da kansa yake nemo mini wuri mai kariya daga iska lokacin hutun rana.

Na riga na ba da sunana a tafiyar da ƙungiyar za ta yi a lokacin kaka. A wannan karon zan buga wa masaukin waya da kaina, kuma tsohon takalmina zan sa.