Kyamara ko waya wajen ɗaukar hoton ɓarna don inshora

Malam, kan tambayarka ko ka sayi kyamara ta musamman ko wayarka ta isa kafin mai tantance asara na kamfanin inshora ya zo: riƙe kuɗinka, waya ta isa.

Mai tantance asara ba kyan hoto ya zo nema ba. Abin da zai rubuta a rahotonsa shi ne me ya lalace, yaya girman ɓarnar, me ya jawo ta, kuma yaushe ta faru. Waya kuwa tana saka kwanan wata da lokaci a cikin kowane hoto da kanta, har da wurin da aka ɗauka idan ka kunna wannan a saitin kyamararta. Lokacin da bututun ruwa ya fashe mini a saman silin da tsakar dare, wayar da ke gefen filo ce ta fitar da ni. Na ɗauki bidiyo ruwa na tsiyaya ta jikin ƙwan lantarki, ina tafe ina faɗin abin da nake gani, sannan na rufe famfo. Da jami'in ya iso bango ya bushe, sai ɗan shatin ruwa da fenti da ya kumbura. Ya fara maganar ko tsohon danshi ne, wanda galibi inshora ba ta biya, na miƙa masa bidiyon. Nan maganar ta ƙare.

Kyamara ina da ita, tana cikin durowa. Tana zuƙo rufin gida daga ƙasa fiye da waya, wannan na ba ta. Amma idan batirinta ya daɗe a mace agogonta yakan koma baya, ka wayi gari hotunan jiya suna ɗauke da kwanan shekarun baya.

Inda aikin yake shi ne yadda za ka ɗauka. Fara daga bakin ƙofa yadda ɗakin zai fito gaba ɗaya, sannan ka matso, sannan dab da wurin. Idan tsagewa ce ko shatin ruwa a bango, ɗora tef ɗin awo a jiki a ga tsayinsa. Firji, talabijin, injin wanki, juya bayansu ka ɗauki takardar da ke manne mai ɗauke da samfuri da lambar na'urar, don da ita ake gane shekarun kaya a cire abin da tsufa ya rage musu na daraja. Kada ka zubar da komai kafin a gani, ko kafet ne ya fara wari. Fitar da shi waje ka ajiye. Amma kuma kada ka naɗe hannu ɓarna tana ƙaruwa: rufe rufin da tamfol, adana rasit ɗin abin da ka kashe. Gobara ce, nemi rahoton 'yan kwana-kwana. Sata ce, na 'yan sanda.

Wajen turawa, kada ka aika ta WhatsApp a matsayin hoto, yana matse shi ya goge bayanan kwanan watan. Tura shi a matsayin fayil ko ta imel, asalin kuma ya zauna a wayarka ba gyara ba yanka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayar da memori na jabu. Zai nuna maka 128GB alhali cikinsa bai kai ko kusa ba, yana cika sai hotuna su riƙa lalacewa ba ka sani ba. Haka masu gyaran da za su ce bari su ƙara maka kuɗi a takardar ƙiyasi, ko su haɗa maka rasit. Mai tantancewa yakan kira shago ya tambaya, kuma ƙarya guda tana iya sa a soke biyan diyyar gaba ɗaya.

Ka yi caji, ka share wuri a wayar, ka sanar da kamfanin yau ɗin nan, don takardar yarjejeniyarka tana da wa'adin kai rahoto.