Tukunyar Presto mai lita 22: ta cancanci kuɗinta wajen adana miyar nama a kwalba?

Duk uwargidan da ta taɓa cika firiza da miya a Agege ko Idi-Araba a Legas, aka ɗauke wuta kwana uku, ta san zafin zubar da nama. Wannan tukunya ta Presto, samfurin 01781, an ƙera ta ne don dafa abinci a cikin kwalabe da matsin tururi, yadda miyar za ta zauna a ajiye ba firiji ba ƙanƙara. Ta alminiyom ce, tana cin kusan lita 22, tana ɗaukar manyan kwalabe 7 masu mililita 946. Tana yin aikinta sosai, amma sai an bi ƙa'idarta sau da ƙafa.

Abin da ya sa ba a iya yin wannan da tukunyar gida shi ne ƙwayar botulinum. Nama ba shi da tsami, cikin rufaffiyar kwalba kuma babu iska, nan ne ƙwayar ke tsira ta saki guba mai shanye jiki har ta kai ga kisa, kuma sau da yawa ba wari ba canjin launi. Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, irin ƙwayar kuwa sai a kusan 116 yake mutuwa. Matsin tururi kaɗai ke kai zafi can. Ƙaramar tukunyar matsi ta dafa wake ko ganda ba ta shiga wannan layi ba.

Gwargwadon da ma'aikatar gona ta Amurka ta gwada shi ne tumatir kilo 13 da rabi, niƙaƙƙen naman sa kilo 1 da giram 130, albasa kofi 1, tattasai kofi 1, tafarnuwa ƙwaya 5, gishiri ƙaramin cokali 4 da rabi. Yana ba da ƙananan kwalabe kusan 9 masu mililita 473. A cire bawon tumatir, a dafa, a tace, a soya naman daban har ya yi ja, a tsiyaye kitsensa, a haɗa a bar shi ya yi kauri. Lokacin rani, sa'ad da motocin Kano da Kaduna suka cika kasuwar Mile 12 farashin kwandon tumatir ya faɗi, shi ne lokacin wannan aiki.

A nan ne hannunmu na girki zai so ya ɓata lamarin. Mun saba jar miya tana iyo cikin man gyaɗa, albasa kuwa ba a aunawa. A kwalba, mai yana hawa ya shiga tsakanin baki da murfi, murfin ya ƙi kamawa. Ƙarin albasa da tattasai kuma suna rage tsamin miyar, lokacin da aka ƙayyade ya daina isa. Mai son attarugu ya sa shi cikin kofin nan ɗaya na tattasai, ko ya bari sai ranar ci. Fulawa, madara ko taliya ba sa shiga kwalbar ko kaɗan.

A zuba miyar da zafinta, a bar santimita 2 da rabi a sama, a goge bakin kwalbar da tsumma mai ɗan khal, a ɗaura murfi ba da ƙarfi ba. A sa ruwan zafi kusan lita 3 a tukunyar. Idan tururi ya fara fita da ƙarfi ta bututun, a ƙirga minti 10 cif kafin a ɗora masa hular ƙarfensa mai tare tururi. Iskar da ta maƙale a ciki tana sa agogon awon matsi na tukunyar ya nuna matsi alhali zafin bai kai ba. Legas tana daidai da bakin teku, don haka matsin fam 11 a agogon ya isa: minti 60 ga ƙananan kwalabe, 70 ga manya. Allura ta sauka ƙasa da 11, a sake ƙirga daga farko. Shi ya sa dole a tabbatar akwai gas a tulu kafin a kunna.

Raunin tukunyar yana wurin agogon. Hular da take zuwa da ita ta fam 15 ce, saboda haka mutum zai tsaya a kan risho yana rage wuta yana ƙarawa awa guda cur. Agogon kuma yana bukatar gwaji duk shekara. Shawara ita ce a sayo hular Presto mai gida uku (5, 10, 15) tun farko, da ita a yi aiki da fam 10 maimakon 11 na agogo, ita nauyinta ba ya canjawa. A haɗa da robar murfi ta ajiya. Kada a ɗora ta kan babban murhun gas na girkin biki, gindinta zai iya lanƙwashewa.

In lokaci ya cika a kashe wuta, a ƙyale ta. Watsa mata ruwa don gaggawa yana sa miya ta tsiyaye daga kwalaben. Allura ta koma sifili, a cire hular, a jira minti 10, sannan a buɗe ana karkatar da murfin nesa da fuska. Bayan awa 12 zuwa 24 a danna tsakiyar kowane murfi. Wanda ya motsa bai kama ba, a sa shi a firiji a cinye.

Kwalaben kamfanin Ball ko Kerr ake bukata, murfin faifai kuma sabo kowane zagaye. Kwalbar mayonis kan fashe a wannan matsi. Laimar Legas tana cin ƙarfe, don haka a kwance zoben da ke ɗaure murfin, a wanke, a shanya, a rubuta kwanan wata, a ajiye nesa da rana da risho, a cinye cikin shekara. Ranar da gosulon Ikorodu Road ya riƙe mutum har bayan isha'i, ƙaramar kwalba ɗaya da ta tafasa minti 10, da taliya leda ɗaya, sun isa mutum huɗu. Wadda murfinta ya kumbura ko ta yi kumfa, kada a ko ɗanɗana.