Yini Guda a Guangzhou: Inda Ya Kamata a Ci da Abin da Ya Cancanci a Kalla

Yawancin 'yan kasuwarmu da ke zuwa Guangzhou, babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, suna komawa gida ba tare da sun san komai ba sai masauki, kasuwa da ofishin masu aika kaya. Ko waɗanda ke halartar baje kolin Canton (tsohon sunan da Turawa ke kiran Guangzhou), wanda aka fara tun 1957 kuma ake yi sau biyu a shekara, sukan ƙare kwanakinsu a rumfunan nuni. Idan abokan tafiya sun sami yini guda bayan an rufe kwantena, shawarata ita ce su fara yanke inda za su ci abinci, sannan su tsara yawonsu a kewayensa, domin a wannan birni abinci ne ke raba kan matafiya, musamman Musulmi.

Zaɓi mafi sauƙi shi ne unguwar Xiaobei, inda 'yan Afirka suka daɗe suna sauka, kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa na layi na 5 yana tsayawa a can. Akwai gidajen taliyar Lanzhou na Musulmin ƙabilar Hui, inda mai dafawa ke jan kwaɓaɓɓen fulawa da hannu a gabanka har ya zama zare, ya jefa a romon naman sa. Akwai kuma na Uigur daga Xinjiang, masu tsiren rago da gurasar tanda. Farashin yana da rangwame kuma hankali a kwance yake, sai dai wannan abincin arewa maso yammacin Sin ne, ba na Guangzhou ba, kuma wanda ya saba da tsire da gurasa a Kano ba zai ji ya ɗanɗani baƙon abu ba.

Abin da birnin ya yi suna da shi shi ne shan shayin safe tare da ƙananan cimaka da ake kira dim sum, waɗanda ake turarawa a cikin kwandunan gora, a jera su a kan teburi mai juyawa kowa ya miƙa hannu. Wannan ya fi dacewa da mutum biyar ko shida, domin kowane kwando ba ya wuce guda uku ko huɗu, don haka ana iya gwada iri goma ba tare da ɓarnar kuɗi ba. Amma a nan ne ake bukatar lura sosai. Naman alade ba a cikin kwanon da aka ambace shi kaɗai yake ba: ana sa kitsensa a ƙullin jatan lande, ana murza shi a cikin fulawar wasu kayan zaƙi, kuma giyar girki tana shiga miya da romo da yawa. Cewa ma'aikaci kada a sa alade ba ya wadatarwa, domin an riga an haɗa kayan tun asuba. Mafita ita ce a nemi gidan da ke ɗauke da alamar halal, wadda Sinawa ke kira “qingzhen”, yawanci a kan koren allo. Gidan abincin Huimin da ke titin Zhongshan na shida yana yin irin wannan girki na Canton da naman sa, rago da kaza. A ganina, wannan ne zaɓin da ya fi cancantar kuɗin mutum, domin a nan ne za a ci ƙafar kaza da aka turara har fatarta ta saki, da naɗin shinkafa mai santsi, ba tare da zullumi ba. Idan aka zuba maka shayi, ka ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu, haka suke yin godiya.

Ribar wannan zaɓi ba ta tsaya ga ciki ba, domin da ƙafa ake zuwa Masallacin Huaisheng daga can, ɗaya daga cikin masallatai mafiya tsufa a ƙasar, mai hasumiya ta kimanin mita 36 wadda ta sha bamban da duk ginin da ke kewaye da ita. Musulmin birnin suna danganta kafuwarsa da Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, ko da yake abin da ya shahara a tarihin Musulunci shi ne a Madina aka binne shi. Bayan sallar azahar, tsibirin Shamian ba shi da nisa, inda gine-ginen da Turawan Ingila da Faransa suka yi a ƙarni na 19 suke nan a ƙarƙashin manyan itatuwa, kuma shiga kyauta ne.

Zaɓi na uku shi ne abincin teku, wanda mabiya mazhabar Malikiyya ba su da matsala da shi. Ana zaɓen kifi ko ƙaguwa da ransu a cikin tankin ruwa, a auna, a dafa. Shi ne mafi tsada, kuma inda baƙo ya fi yin kuskure shi ne ma'auni, domin farashin da aka rubuta na “jin” ne, wato rabin kilo. A tambayi jimillar kuɗin kafin a kai kicin, kuma a nemi a turara da citta da albasa kawai, ba tare da giya ba.

Abincin kan titi a titunan kasuwanci na Beijing Lu ko Shangxiajiu ya fi kyau a ɗauke shi a matsayin ɗanɗano. Awara mai wari, ƙwan agwagwa da aka adana har ya yi baƙi, durian (wani ɗan itace mai ƙaya da ƙarfin wari) da daskararriyar madarar bauna ta yankin Shunde duk ana iya gwada su, a sayi ɗaya a zagaya da shi. Shayin ganye mai ɗaci da ake kira liangcha kuwa, wanda ya taɓa shan saɓara ko maɗaci ba zai yamutsa fuska ba.

Da yamma akan yi gardama tsakanin hawa Hasumiyar Canton, mai tsayin mita 600 wadda aka buɗe a 2010, da shiga jirgin ruwan yawo a Kogin Lu'ulu'u. Kuɗin hasumiyar yana ƙaruwa gwargwadon benen da aka zaɓa, kuma idan hazo ya rufe gari, kamar yadda yakan yi a watannin damshi, an biya kuɗi ne don kallon farin gajimare. Jirgin ruwa ya fi dacewa da ƙungiya, domin ana zaune tare ana hira, kuma daga kan ruwa ake ganin hasumiyar kanta tana sauya launi. Wanda kuɗin guzurinsa ya ƙare yana iya ganin wannan daga dandalin Huacheng ba tare da ya biya ko yuwan ɗaya ba. Kafin a bar masauki, kowa ya haɗa katinsa na banki da manhajar biyan kuɗi ta waya, Alipay ko WeChat, ya kuma riƙe fasfo a aljihu, domin ana neman sa a wuraren sayen tikiti da yawa.