Sabo mai araha ko na hannu na asali? Amsa ga mai Corolla

Malam, ka ce ka sayi Corolla 2010 'yar Amurka, kana haya da ita tsakanin Aboabo da Kejetia, lokacin sabis ya yi. A Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, an nuna maka sabbin kaya masu araha, an nuna maka na hannu da aka ciro daga motocin waje, ga kuma bakin mai na galan da na awo daga ganga, ka rasa wanda za ka ɗauka.

Ni a ganina kayan kashi biyu ne: waɗanda ke cinyewa da aiki, da waɗanda aka yi su don su daɗe. Fulogi, filtar mai, filtar iska da takalmin birki suna kashin farko, kada ka saye su na hannu ko da an goge su suna walƙiya, domin ba ka san nisan da suka riga suka ci ba. Amma kwayil, kik ko altaneta, na kamfanin Denso da aka ciro daga wata Corolla ya fi sabon da ba a san wanda ya ƙera shi ba, muddin an gwada a gabanka kuma mai shago ya yarda ka mayar idan ya ƙi aiki.

Fulogi nan ne aka fi cutar mutane. Injinka fulogi mai tsinin ƙarfen iridiyom yake so, kuma na gaske, Denso ko NGK, yana wuce kilomita 100,000. Na gargajiya mai araha a 30,000 ya gaji. Shi jabu kwalinsa iridiyom, cikinsa ba shi ba. Ka fito da shi ka dubi tsinin tsakiya: na asali siriri ne kamar allura, bai kai milimita ɗaya ba, rubutun jikin tangaran ɗin kuma a fili yake, ba ya gogewa da yatsa. Idan tsinin ya yi kauri, ko farashin ya faɗi ƙasa da rabin na sauran shaguna, ajiye musu kayansu. Fulogin banza yana shan mai, daga baya ya kashe kwayil.

Batun bakin mai kuwa, babu haɗi. Na ganga ba ka san kaurinsa ba, ba ka san ko tsohon mai ne aka tace ba. Na galan mai hatimi daga gidan mai kamar GOIL, Shell ko TotalEnergies yana ɗauke da lambar kauri da alamar ingancin mai ta API, SN ko SP. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗura wa kowace mota mai kauri 20W-50 wai don ƙasarmu da zafi. Wannan injin yana da VVT-i, tsarin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, mai ke bi ta ƙananan ƙofofi yana sarrafa shi, kuma a murfinsa za ka ga siririn mai aka rubuta. 5W-30 ya fi masa, sai dai in ya tsufa har yana hayaƙi. Da cunkoson Kumasi da ƙurar hunturu, ni dai na fi son juye a kilomita 5,000, a canza filta tare.

Man giya, in motar atomatik ce, Toyota WS ne nata, kada bakanike ya zuba maka duk jan man da ke kusa da hannunsa. Man birki DOT 3 ko DOT 4, amma a sabuwar kwalba, saboda yana zuƙar danshi da zarar an buɗe, ga shi damina a Asante ba ta wasa. Lagireto kuma ruwan sanyaya inji mai launin hoda na Toyota, ruwan famfo tsatsa yake kawowa.

Ranar da za ka shiga Magazine, tafi da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ake gani ta gilashin gaba, da tsohon fulogi ɗaya a aljihu don a gwada su gefe da gefe. Ka sayo da hannunka, ka tsaya a buɗe galan ɗin a kan idonka.