Quick Stats na Amurka da SIDRA na Brazil, wanne ya fi in ƙidayar gonaki kake nema?

Jama'a duk mai bincike kan harkar noma, ɗalibi ne ko ɗan jarida ko mai bin kasuwar waken soya, akwai rumbunan bayanai guda biyu da nake yawan shiga kuma duka kyauta ne, Quick Stats na ma'aikatar gona ta Amurka da SIDRA na IBGE, hukumar ƙididdiga ta Brazil. Ni dai Quick Stats na fi ba maki, kuma ba don kyan fuska ba, don wallahi tsarinsa tsohon yayi ne, akwatuna ne kawai a jere kana ta zaɓe. Abin da ya sa ya ci shi ne Amurka ba ta saɓa lokacin ƙidaya.

Duk shekara biyar suke yi, a shekarun da suka ƙare da 2 ko 7, wato 1997, 2002, 2007, 2012, 2017, 2022, duk suna nan a ciki. Tun 1840 ma suka fara ƙirga gonaki, lokacin ana haɗawa da ƙidayar jama'a. Shi ya sa in ka ɗauki gunduma ɗaya a jihar Iowa za ka bi ta daki-daki ka ga yadda gonaki ke raguwa suna ƙara faɗi, manoman kuma suna tsufa. A 2017 gonaki wajen miliyan 2.04 aka ƙirga a ƙasar, a 2022 suka koma miliyan 1.9, kuma a Fabrairun 2024 sakamakon ya fito, ka ga abu na hannunka tun bai huce ba.

To Brazil fa, nan ne abin ke min ciwo, don da sun kama hanya mai kyau, 1970, 1975, 1980, 1985, biyar-biyar cif. Daga nan sai abu ya watse, ta 1990 ba a yi ba, sai 1995 zuwa 96, sai 2006, sai 2017, ita ma ta 2017 ɗin sai da aka ɗaga ta saboda an zaftare kasafin kuɗi, aka kuma rage tambayoyi. Shekara 11 fa tsakanin biyun ƙarshe, a ƙasar da waken soyanta ya ninka a daidai wannan tsakanin! Jihar Mato Grosso kaɗai ta canza kama ƙwarai a shekarun nan, amma in ka buɗe SIDRA hoto biyu kawai za ka samu, na farko da na ƙarshe, abin da ya faru a tsakiya sai dai ka yi ta hasashe. Eh akwai binciken shekara-shekara da ke faɗin yawan amfanin da aka girbe, yana taimakawa sosai, amma ba zai gaya maka waye mai gonar ba, haya yake ko tasa ce, yana da tarakta ko babu, ya samu bashin banki ko bai samu ba. Wannan sai ƙidaya.

Sannan a kula, lokacin da ake aunawa ma ya sha bamban, ta 2006 daga Janairu zuwa Disamba ta ɗauka, ta 2017 kuwa daga Oktoban 2016 zuwa Satumban 2017, don haka kar ka jera alƙaluman kai tsaye ba ka karanta bayanin teburin ba.

Amma gaskiya a yi musu adalci. Amurka takarda take aikawa ta gidan waya ko manomi ya cike ta intanet, doka ce ta tilasta masa. Brazil kuwa ma'aikata take turawa gona-gona da na'urar hannu, gonaki sama da miliyan 5, wasu can cikin dajin Amazon sai da jirgin ruwa, dole kuɗi ya tafi. Kuma in sun yi ɗin suna yi da kyau, SIDRA na sauka har ƙananan hukumomi 5,570, ya ware maka noman iyali daban, ka haɗa teburinka yadda kake so ka sauke. Matsalar sai dai yaren Fotugis, dole ka jingina da manhajar fassara.

Shi ma Quick Stats yana da nasa, ba ya ba ka fiye da layi 50,000 a nema ɗaya, kuma da eka yake awo ba hekta ba. In ka ga harafin D a gurbin lamba to an ɓoye ne don kar a gane manomin, a SIDRA harafin X ne.

Hukumar FAO, mai kula da abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce a riƙa yin ƙidayar gonaki aƙalla sau ɗaya a shekara 10, Brazil ko wannan ba ta cika ba tsakanin 2006 da 2017. Quick Stats na ba shi 4 cikin 5, SIDRA 3, ranar da Brazil ta koma ƙidaya biyar-biyar zan ƙara wa SIDRA maki ba musu.